Ɗari Shidan da Injin Gudu Ya Ce Na Ƙona

Shekarun baya, ina da shekara arba'in da uku a duniya, na shafe kusan wata shida ina rigima da na'urori a kan lamba guda ɗaya. Jiya wani daga cikinku ya turo mini hoton allon injin motsa jiki, yana tambaya ko kalorin da ya gani an rubuta, wato ƙarfin da aka ce jikinsa ya ƙona, daidai ne. Shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Funtuwa. Aikina tsayuwa gaban allo, sai zaman ofis ana makin takardu, sai babur ya mayar da ni gida. Tumbi ya daɗe da fitowa, amma a wajenmu ba a cika ɗaukarsa matsala ba, wasu ma cewa suke yi hutu ne ya zo. Abin da ya tayar wa matata da hankali shi ne yawan ruwan da nake sha, da yadda nake dawowa daga makaranta in zube a tabarma kamar wanda ya yi dako. Ta yi ta magana har na gaji na je asibiti.

Likitar da na samu mace ce, ba ta da yawan magana. Ta dubi takardar gwaji, ta dube ni, ta tambaya ko akwai mai ciwon suga a gidanmu. Na ce mahaifina. Ban gaya mata sauran ba: cewa shekara huɗu ya yi a kwance, sai da aka yanke masa ƙafa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ni na yi jinyarsa.

"Malam, kana bakin ƙofa," in ji ta. "Zan ba ka wata uku. Ka rage nauyi, ka motsa jiki, ka kula da abin da kake ci. In ka dawo sugan bai sauka ba, magani za mu fara."

Sikelin asibiti ya ce kilo casa'in da takwas. Na fito ina jin ƙafata ta dama tana yi mini wani iri, alhali lafiyarta ƙalau.

Abokina, wanda ke sayar da taki da iri a kasuwa, shi ya kai ni gidan motsa jiki. Shi siriri ne tun muna yara, zuwa yake yi don nishaɗi kawai. Wurin a saman wani rukunin shaguna yake, ɗaki ɗaya mai faɗi, da fanka biyu da ƙarafan ɗagawa da injinan gudu guda uku, duk 'yan gwanjo. Mai wurin tsohon soja ne, ya haura hamsin amma cikinsa a shafe, kowa Saje yake ce masa. Ranar farko ya zo zai yi mini bayanin injin, na bar shi ya yi minti ɗaya, sannan na ce masa ai na gane, ni malamin lissafi ne. Ya dube ni, ya ce to, ya koma wajen masu ɗaga ƙarfe.

A allon injin akwai lokaci, akwai nisa, akwai sauri. Duk ban damu da su ba. Wanda ya kama idona shi ne na kusurwar dama, inda aka rubuta kalori, lambar tana hawa ɗaya bayan ɗaya kamar mitar gidan mai. Na ce yawwa, ga abin da na sani. In dai lamba ce, an zo gidana. Abin da ya shiga ciki a cire abin da aka ƙona, saura shi ne amsa. Wannan ko ɗan aji ɗaya zai yi.

Mako na farko ina samun ɗari biyu da wani abu a minti arba'in da biyar, ina haki kamar zan shiɗe. Sai na fara bincike irin na mai wayo. Na lura injin yana tambayar nauyin mutum kafin ya tashi, kuma in ka ba shi lamba babba, kalorin ya fi saurin hawa. To casa'in da takwas a lissafi ai ɗari ne in an cike. Da takalmi da kaya da ruwan da na sha, na ce ɗari da biyar ma ba zalunci ba ne. Sannan na gano maɓallin tudu, wanda ke ɗaga gaban injin kamar kana hawan dutse. Da na kai shi ƙarshe, lambar ta fara gudu. Matsalar kawai ba na iya tsayuwa a kai, sai na kama ƙarafan gefe da hannu bibbiyu, na kwantar da jikina baya, ƙafafuna suna ta tafiya a ƙasa. Da wannan dabara na kai ɗari shida, kuma ban gaji kamar da ba. Na ɗauka jikina ne ya fara sabawa.

Saje ya wuce ta bayana wata rana ya ce, "Malam, saki ƙarfen nan."

Na ce masa jiri nake tsoro.

Bayan kwana biyu ya sake cewa, "Malam, ka rage tudun, ka saki ƙarfen." Na ce in sha Allahu. Daga nan bai ƙara magana ba.

Yanzu ga inda abin ya lalace. A gindin matakalar wurin akwai mai tsire, yana hura wuta daidai lokacin da muke saukowa, bayan la'asar sakaliya. Gefensa kuma wata Bafulatana mai fura da nono. Ni kuwa na sauko da ɗari shida a aljihu. Na sauke wata manhaja a waya mai faɗin kalorin abinci, sai dai ba ta san abincinmu ba. Ba ta san fura ba, ba ta san tuwo ba, ba ta taɓa jin miyar kuka ba. Sai in nemi wani abincin Turawa da ya yi kama, in zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Tsire tsinke uku na ba shi ɗari biyu, ban sa ƙuli da man da ake yaryaɗawa ba. Fura kwano guda da suga cokali biyu na ba ta ɗari da hamsin. Na tashi da rarar ɗari biyu da hamsin, in hau babur in tafi gida raina fes.

A gida kuma ga tuwo. Matata ta fara rage mini malmala tun ranar da na dawo daga asibiti, ni kuma na ce a mayar da ita yadda take.

"Malam, likita fa ta ce a kula."

"Ina kula. Yau ɗari shida na ƙona. Kin san nawa ne ɗari shida?"

"Ban sani ba."

"To ni na sani."

Ta ƙaro tuwon. Bayan wata biyu, tana guga, ta ɗaga wandona na makaranta ta ce ita dai ba ta ga ya saki ba, maɓallinsa ma ta sake ɗinkawa. Na yi mata bayani mai tsawo cewa tsoka ta fi kitse nauyi, kuma jiki yakan fara taurin ciki kafin ya saki. A waya na karanta rabin maganar, sauran rabin ni na ƙirƙira a tsaye.

Akwai sikeli a gidan motsa jikin, amma da gangan na ƙi hawa. So nake in ba likita mamaki. Na samo yadda ake juya kalori zuwa kilo, na yi lissafina a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi, ya ba ni na rage kilo shida da ɗigo huɗu. Har ɗigon na riƙe a kai.

Ranar komawa na sa sabuwar shadda. Ma'aikaciyar jinya ta ce in hau sikeli, na cire takalmi da hula da makullin babur, na hau. Ta rubuta ɗari da ɗaya.

Na ce mata sikelin ya lalace. Ba ta yi gardama ba, ta kai ni ɗakin awon masu ciki, na bi layi a bayan mata biyu suna kallona, na hau nasu. Ɗari da ɗaya da ɗan ɗori.

Sugan ma ya hau. Likita ta tambaya ko na yi motsa jikin, na ce kwana biyar a mako, ban taɓa fashi ba, kuma wannan gaskiya ne. Na ce kullum ɗari shida nake ƙonawa. Ta ce wa ya gaya mini. Na ce inji. Ta jawo takarda ta rubuta magani, ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma, ta ce in dawo bayan wata biyu. Sunan maganin na san shi. Shi na riƙa sayo wa mahaifina a farkon ciwonsa.

Daga asibiti ban je gida ba. Kai tsaye gidan motsa jiki na nufa da shaddata, na samu Saje yana shafa wa wani ƙarfe mai. Ban ko yi sallama yadda ya kamata ba. Na ce masa injinsa maƙaryaci ne, wata uku yana yaudarata, ga shi an ɗora ni a kan magani. Na faɗi maganganu da dama, har da cewa bai kamata a bar mutane suna ajiye kayan gwanjo suna wasa da lafiyar jama'a ba. Masu ɗaga ƙarfe suka ajiye, suna kallo.

Saje ya bari na gama. Ya goge hannunsa ya ce, "Zo, Malam."

Ya kunna injin da na saba hawa, ya sa masa ɗari da biyar, ya kai tudun ƙarshe, ya tayar da shi. Babu kowa a kai. Bel ɗin da ake takawa yana ta juyawa shi kaɗai, lambar kusurwar dama tana hawa: biyar, goma sha biyu, ashirin.

"Wa ke ƙona wannan?" ya tambaye ni.

Na bi lambar da kallo tana ta hawa.

"Bai san kana kai ko ba ka kai ba. Abin da ka gaya masa yake lissafawa. Ka ce masa kai ɗari da biyar ne, kana hawan dutse da ƙafarka. Shi kuma ya yarda." Ya tsayar da injin. "Hau. Tudunka na kullum. Hannu a sake."

Na tattare shadda na hau, don in nuna masa. Ban cika minti biyu ba na cafke ƙarfen, numfashina yana fita da ƙara.

"Wannan minti biyun," in ji Saje, "shi ne aikin da injin ya ɗauka kana yi na minti arba'in da biyar. Sauran duk a hannunka ka rataye shi. Sau biyu na gaya maka."

Haushin da na ji ranar ban san wanda zan ɗora wa ba. Na sauko matakala, mai tsire ya ce, "Malam, yau da wuri, a sa uku?" Na wuce abina.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na yanke cewa matsalar ita ce na'urar ba ta da kyau, a nemo wadda ta fi ta. Abokina ya daɗe yana ɗaure da agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya, ya ce mini, "Mutumina, wannan a jikinka yake, jininka yake ji. Ba ya ƙarya." Na sa aka kawo mini irinsa daga Kano. Na kuma ƙara wata manhajar a waya, wadda ita ma ke ƙirga motsi in wayar tana aljihu.

Na koma motsa jiki yadda Saje ya ce: nauyin gaskiya, tudu kaɗan, hannu a sake. Ranar farko da na gama, injin ya ce ɗari huɗu da ashirin. Agogo ya ce ɗari uku da goma. Waya ta ce ɗari biyu da hamsin. Mutum ɗaya, tafiya ɗaya, minti arba'in da biyar ɗaya. Na tsaya ina duban wannan, in dubi wancan. Washegari na yi daidai abin da na yi jiya, sauri ɗaya, tudu ɗaya, agogo ya ce ɗari uku da saba'in, wai don na sha shayi mai kauri kafin in zo zuciyata ta fi bugawa. Na ɗaure shi da ƙarfi ya ba da wata lamba, na sassauta ya ba da wata. Na karɓi na abokina na ɗaura a ɗaya hannun, agogo biyu iri ɗaya a jikin mutum ɗaya, suka saɓa da kusan hamsin.

"To wanne ne ba ya ƙarya?" na tambaye shi.

Ya ce wataƙila hannuna na hagu ya fi na dama ƙwazo. Ban yi dariya ba. Na fara tara lambobin uku ina rabawa uku, ina kiran abin matsakaici, alhali ni da bakina nake gaya wa ɗalibai cewa matsakaicin amsa uku marasa tushe ba ya zama amsa.

Ana cikin haka kaka ta yi, aka fara karyar masara. Mu mutanen Kafur ne, mahaifiyata tana can, kuma gonar da mahaifinmu ya bari ni ke kula da ita. Na hau babur ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gida hanyar duk ramuka ce, damina ta cinye ta. Ina cikin gargada sai na ji agogo yana girgiza a hannuna. Na tsaya a gefe, na zaci kira ne. Ashe taya ni murna yake yi, da hoton kofi da taurari, wai na cika takun da aka ɗibar mini na yini. Ni da tun safe ban taka ko'ina ba sai daga alwala zuwa sahu.

Washegari tun da sassafe muna gona. Masu aiki suna karya suna tarawa, ni kuma na ce zan riƙa tura baro daga tsakiyar gona zuwa bakin hanya inda mota za ta ɗauka, don in samu motsa jikin ranar. Ƙasa mai laushi, baro cike da masara, kunya-kunya sai ka ɗaga ka tsallake. Tun hantsi rigata ta jiƙe sharkaf, kafaɗuna suna zafi, ƙafafuna suna rawa. Ban taɓa yin aiki irin wannan a gidan Saje ba. Wajen azahar agogo ya sake girgiza. Na ajiye baro na duba. Cewa ya yi na daɗe ban motsa ba, in tashi in ɗan taka. Da yake hannuna yana riƙe da baro ba ya lilo, shi a wajensa zaune nake.

Mahaifiyata ta kawo mana abinci gona, ta same ni a gindin ɗorawa ina yi wa hannuna faɗa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai kuma da wa kake?"

Na yi mata bayani. Na ce Inna, wannan agogon jiya ina kan babur ya ce na yi aiki, yau ina tura baro ya ce ina zaune.

Ta dubi agogon, ta dubi rigata. "Kai ba ka san ka gaji ba sai ya gaya maka?"

Na ce ba gajiya ake aunawa ba, kalori ne, wato ƙarfin da jiki ya ƙona.

"To in ka san adadinsa, me za ka yi da shi?"

Na buɗe baki zan ce don in san abin da zan ci, sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe. Ita kuma ba ta jira amsa ba. Ta zuba mini ɗan wake kaɗan a kwano, kaɗan ƙwarai, ta ja sauran gaban masu aiki. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mahaifinku ma haka ya riƙa yi wa likita lissafi." Na ajiye kwanon a ƙasa. Wannan ne karo na farko da ta haɗa ni da ciwonsa a magana ɗaya, kuma ba ta sake ba.

Da wata biyun suka cika na koma asibiti da takarda mai layi uku: inji, agogo, waya, kwana arba'in. Nauyina ya sauka zuwa casa'in da tara, tunda na saki ƙarfe kuma na rage fura, amma tsiren ban bari ba, ina dai cin daidai matsakaicin. Na shimfiɗa wa likita takardar a tebur na ce ta gaya mini wanne zan bi.

Ta karanta fiye da yadda na zata. Ta ce duka ukun kintace suke yi. Inji yana kintace daga nauyi da sauri da tudu. Agogo yana kintace daga bugun zuciya da lilon hannu, kuma zuciya takan buga don zafi ko shayi ko ɓacin rai, ba don aiki kaɗai ba. Waya tana kintace daga girgizar aljihu. Ta ce mutum biyu masu nauyi ɗaya za su yi tafiya ɗaya su ƙona abu daban. Ta ƙara da wani abin da ban taɓa tunani ba: a cikin lambar da wasu injina ke nunawa har da abin da jikina zai ƙona ko da ina kwance a gida, don numfashi da bugun zuciya ma aiki ne. Wato wani kason da nake zuwa in ci a wajen mai tsire, dama can nawa ne, ba gumina ya samo shi ba.

"Na ji," na ce. "To ainihin lambar nawa ce?"

"Ban sani ba."

"A ina zan sani?"

"Akwai inda ake sa wa mutum abin rufe hanci da baki a auna numfashinsa yana gudu. Ba mu da shi a nan. Ko an yi maka, na wannan ranar ne."

"Likita, abu ana yinsa a jikina, kuma a ce babu wanda ya san adadinsa?"

"Malam, ba jarrabawa ba ce. Ba sai ka samo amsar ba kafin ka warke."

Duk cikin wata shidan nan babu maganar da ta ba ni haushi kamar wannan. Shekara goma sha takwas ina gaya wa yara kowace tambaya tana da amsa, wanda bai samo ba bai yi aiki ba ne.

Ta juya takardata ta yi rubutu a bayanta. Ta ce in ina son lamba, ga guda uku da zan iya yarda da su: sikeli ɗaya, sau ɗaya a mako, da safe kafin in ci komai, awon ƙugu da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, da gwajin jini a wajenta. Game da ƙarfin motsa jiki kuwa, in yi tafiyar da zan iya amsa gaisuwa amma ba zan iya ba da labari ba. Lambar inji, in na ga dama in duba don in kwatanta yau da jiya a kan inji ɗaya. "Amma kada ka ci ta," in ji ta. "Abincinka daban, motsa jikinka daban. Ba sa bin juna."

Na koma na ba Saje haƙuri a gaban mutanen da na yi masa faɗa a gabansu. Ya ce ba komai, ya saba, malamai da ma'aikatan banki sun fi kowa wahalar koyarwa. Ya nuna mini wata matakala ta baya da ke sauka ta wajen masu walda, inda babu ƙamshin komai sai na ƙarfe. Ta nan na riƙa fita. Bayan mako uku mai tsire ya tare ni a masallaci ya ce, "Malam, ko mun yi laifi ne?" Na ce masa wallahi laifin ba nasa ba ne. Muka daidaita a kan tsinke ɗaya ranar Juma'a, in kai gida mu raba da matata. Ita kuma ta mayar da malmala ƙarama, wannan karon ban ce komai ba, ita ma ba ta tuna mini da abin da na faɗa a baya ba, wanda na san ba ƙaramin haƙuri ta yi ba. Agogon na ba ƙanwata, tana duba lokaci da shi.

Abin bai yi sauri ba. Wani makon sikeli ya sauka, wani makon ya tsaya, bayan babbar Sallah ya hau. Sai da aka yi shekara guda da wani abu kafin na ga tamanin da tara. Likita ta rage mini magani zuwa ƙwaya ɗaya a rana. Ba ta cire shi ba, har yau ina sha, kuma ta gaya mini gaskiya cewa ko da na yi komai daidai tun farko, mai yiwuwa da sai na sha, tunda abin yana gida. Wata ukun farkon nan dai ina jin zafinsu. Na yi gumi na gaskiya, ban yi fashi ba, na bar hira da abokai da yamma, kuma na fito da kilo uku a sama.

Na daɗe ina cewa na'urori sun yaudare ni. Yanzu da na huce, na san ba haka abin yake ba gaba ɗaya. Ni na ƙara wa inji nauyi, ni na rage wa fura lamba. Duk inda kuskure zai ba ni damar cin abinci na bar shi ya wuce, duk inda zai hana ni na tsaya bincike. Da ɗalibina ne ya yi wannan a takarda, da jan biro zan zagaye masa. Amma kuma ban yafe wa masu ƙera injinan ba. In kintace kake yi, ka ce kintace ne. Kada ka rubuta wa mutum ɗari huɗu da ashirin da bakwai, har da bakwai, kamar ka ƙirga da hannunka. Mutumin da tsoro ya koro shi daga asibiti zai kama wannan bakwai ɗin ya riƙe.

Saboda haka ɗan'uwa mai tambaya, amsata ita ce ban sani ba, kuma injin ma bai sani ba. Ka ba shi nauyinka na gaskiya, ka saki ƙarfe, ka ɗauki lambar a matsayin wajen-wajen, kada kuma ka sauko da ita wajen mai abinci. In kana da ciwo, likitanka ya fi ni sani.

Ni har yanzu ina zuwa, kwana huɗu a mako. In na hau inji, hulata nake cirewa in kifa a kan kusurwar dama ta allon, in yi tafiyata ina kallon masu wucewa ta taga. Sababbin zuwa suna ɗauka wani sirri ne, wani ma ya taɓa kwaikwayona. Sai dai in faɗa muku gaskiya, in na gama na kashe injin, wajen ɗaukar hular nakan ɗan yi jinkiri, in leƙa. In ta yi yawa in ji daɗi, in ta yi kaɗan in yi tsaki, alhali na san duk biyun babu wadda ta san komai a kaina.